Tambayoyi da amsoshi kan MIM, zubin garin ƙarfe da ake ƙera ƙananan piyes da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da Marwa da Ngaundere, har zuwa Kusiri da tsallaken gada Njamena. Waɗannan tambayoyi ne da masu gyaran waya da makanikan moto da yaran lise teknik suke yawan yi a kan ƙananan ƙarafan nan da muke cirowa daga cikin waya ko kwaɗo ko inji, mutum ya juya su a tafin hannu ya rasa ta yaya aka yi su, babu alamar magagari babu alamar walda babu alamar tur, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Na haɗa su wuri ɗaya. Tun daga farko ku riƙe abu uku, wannan hanya ta MIM ana bin ta ne in abu ƙarami ne, siffarsa tana da wuya, kuma ana buƙatarsa dubbai, in ɗaya daga cikin ukun ya faɗi to aikin na wata hanya ce daban.

Wai malam mene ne ma MIM ɗin?

MIM gajarcen Metal Injection Molding ne a Turanci, hanya ce ta ƙera ƙarfe ba tare da an narkar da shi an zuba ba. Ana ɗaukar garin ƙarfe mai laushi sosai a cakuɗa shi da kaki da roba, sai a tura haɗin da ƙarfi cikin mul, wato mazubi, da irin injin da ake buga murfin gora da kofin roba, ya fito da siffar da ake so, daga nan a cire kakin da robar, a gasa abin da ya rage a tanderu har ƙwayoyin garin su manne da juna su zama ƙarfe guda. Kenan an ari saurin masu aikin roba an ba ƙarfe, shi ya sa ake samun abu mai ramuka da haƙora da lanƙwasa a bugu ɗaya alhali da a tur ne sai an ɗaura an kwance sau biyar ko shida.

A bi mana shi daki-daki daga gari har ya zama piyes

Toh a fara da garin, don a nan kuɗin yake. Ba irin garin da ke zuba ƙasa in kana goga ƙarfe ba ne fa. Ƙwayarsa yawanci ba ta wuce maikiron 20 ba, gashin kan mutum kuwa kaurinsa wajen maikiron 70 ne, kaga sai ka jera ƙwaya uku ko huɗu kafin ka kai kaurin gashi ɗaya. Yadda ake samunsa shi ne a narkar da ƙarfe a sako shi siriri sai a fesa masa iskar gas ko ruwa da matsi mai ƙarfi ya tarwatse ya daskare a iska, na gas ɗin yafi fitowa mulmulalle kuma yafi tsada. Akwai kuma wani garin baƙin ƙarfe da ake samu ta hanyar sinadari ana ce masa kabonil, kamfanin BASF na Jamus ya fara yinsa tun 1925.

Sai haɗi. In ka auna ta cika wuri, wajen kashi 60 cikin ɗari garin ƙarfe ne 40 kuma kaki da roba, amma in a sikeli ne ƙarfen ya haura kashi 90 saboda nauyinsa. Ana murza su da zafi har su haɗu sosai babu inda gari ya taru babu inda kaki ya taru, sannan a yayyanka ƙanana ƙwayoyi a zuba a buhu.

Sai bugu. Ana ɗumama ƙwayoyin zuwa digiri 150 zuwa 200 haka, ku lura a wannan zafin kakin da robar ne kawai suke narkewa, ƙarfen ko gezau, yana tafiya ne a cikinsu, injin ya tura su cikin mul na ƙarfe mai tauri, ya huce, mul ya buɗe, ƙananan sanduna su turo piyes ɗin waje, duk cikin ƙasa da minti ɗaya kuma mul ɗaya yakan ɗauki rami huɗu ko takwas ko fiye. Abin da ya fito a nan ɗanye ne, yana da siffar da ake so amma da yatsu zaka iya karya shi. Rarar da ta daskare a hanyar shiga mul ana niƙa ta a mayar, shi ya sa asarar ƙarfe kaɗan ce.

Sai cire kaki, wannan kuma baya son gaggawa ko kaɗan. Wasu suna jiƙa piyes ɗin a sinadari mai narkar da kaki, wasu haɗin nasu ruwan ɗumi ne ke wanke shi, wasu zafi suke sa masa a hankali, akwai kuma tsarin BASF mai suna Catamold da ake saka piyes a tanderu mai zafin digiri 110 zuwa 120 a sake masa tururin asid ɗin naitirik ya cinye robar daga waje zuwa ciki. Ko wace hanya aka bi ba a cire duka, ana barin ɗan kaɗan da zai riƙe garin kar ya rushe. A wannan matakin jikinsa duk ƙananan ƙofofi ne kuma ya ma fi na farko saurin karyewa.

Na ƙarshe gashi a tanderu. Ana jera su a kan farantan tangaran a tura tanderu, zafi ya hau sannu sannu ragowar robar ta ƙone ta fice ta ƙofofin nan, sannan a kai shi kusa da inda ƙarfen zai narke amma ba a bari ya narke, na inoks, wato ƙarfen nan da baya saurin tsatsa, yakan kai digiri 1,300 zuwa 1,380. A cikin tanderun babu iskar da muke shaƙa, ko dai haidirojin ko agon ko naitirojin ko kuma a zuƙe iskar gaba ɗaya, don in oksijin ya shiga garin zai yi tsatsa tun kafin ya haɗe. A wannan zafin ƙwayoyin suna mannewa a inda suka taɓa juna, ramukan tsakaninsu su yi ta tsukewa har abin ya cika kashi 96 zuwa 99 cikin ɗari na ƙarfen da aka narkar.

An ce yana raguwa a wuta, to ta yaya awo yake fitowa daidai?

Yauwa ɗan uwa, wannan tambayar ita ce zuciyar sana'ar kuma ita tafi burge ni wallahi. Wurin da kaki ya bari dole ya rufe, saboda haka piyes ɗin yana tsukewa ta kowane gefe, tsawo da faɗi da kauri, da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Duk mai ginin tukwane ta san haka, in tana son tulu mai girma kaza sai ta gina shi ya ɗan fi haka don yumɓu yana ja da baya in ya bushe ya sha wuta, bambancin kawai ita da ido take kimantawa su kuma da lissafi har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita.

Misali kana son abu mai tsawon milimita 10, to ramin mul ɗin sai an sassaƙa shi kusan milimita 12, rami da haƙori da zaren sukuru duk a faɗaɗa su da wannan adadin. In komai ya tafi daidai kuskuren da ake samu baya wuce kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin ɗari, wato a kan milimita 10 ɗin nan daga piyes na farko har na dubu ɗari babu wanda zai kauce wa awon da fiye da 0.03 zuwa 0.05 na milimita, sai da ma'aunin mikromita zaka gani. Amma fa kafin a samu haka dole buhun haɗi na yau ya zama daidai da na watan jiya, in garin ya ɗan yi yawa raguwar ta ragu in kaki ya yi yawa ta ƙaru, kuma in wajen bugu garin ya rabu da kakin ya taru gefe ɗaya to gefen nan zai ja daban da ɗayan piyes ya fito a karkace. Ga kuma nauyin kansa, a digiri 1,300 ƙarfen ya yi laushi, duk wani hannu da ya miƙe babu abin tallafe shi zai sunkuya, shi ya sa masu zane suke ƙoƙarin ba kowane piyes gefe ɗaya shimfiɗaɗɗe da zai kwanta a kai, in ba zai yiwu ba a ƙera masa matashi na tangaran daidai siffarsa. Har gogayyar da yake yi da farantin yayin da yake tsukewa ana lissafa ta.

Inda kuma ake son awo ya fi haka tsanani, kamar ramin da sanda zata juya a ciki, sai a bar ɗan nama a wurin a gyara da inji bayan gashi ko a danna shi a matsi ya daidaita. Wuri ɗaya ko biyu kenan, ba duk jikin ba.

Su wa suka fara shi?

Wani Ba'amurke ne Raymond Wiech ya raya shi a shekarun 1970 a jihar Kalifoniya, shi da abokansa suka kafa kamfanin Parmatech a 1973. Duniya ta waiwaye su ne a 1979 da suka ci kyaututtuka biyu na ƙungiyar masu sarrafa garin ƙarfe ta Amurka wato MPIF, ɗaya kan wani piyes na jirgin Boeing ɗaya kan kayan injin roka. Yau kam mafi yawan aikin ya koma Asiya, Chaina ce kan gaba saboda kayan waya, a Indiya akwai Indo-MIM a Bangalor yana cikin manya na duniya, Japan sun daɗe suna yin kayan agogo da shi, Jamus kuma kayan mota da injinan bugun kansu irin na Arburg.

Ni mai gyaran waya ne, wanne ne MIM a cikin abin da nake taɓawa kullum?

Ƙanena kai ne ma kafi kowa taɓa shi a garin nan. Kan cajar iPhone ɗin nan na Lightning da ya fito a 2012 tare da iPhone 5, ƙarfen bakinsa da wannan hanya ake yi, kuma shi ne ya sa masana'antun Asiya suka cika da tanderu don ana buƙatarsa miliyoyi. Tun kafin nan hinjin Motorola RAZR na 2004 ma da kayan MIM a ciki. Sannan tiren sim na ƙarfe a wasu wayoyin, maɓallan gefe, zoben da ke riƙe gilashin kyamara, da ɗan nauyin da ke kan sandar ɗan injin bibireta wanda yake sa waya ta yi rawa, shi wannan yawanci garin tangistin ne aka gasa shi ya sa zaka ji ya yi nauyi fiye da girmansa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wayoyin da ake naɗewa da suka shigo tun 2019, irin Galaxy Fold na Samsung da Mate X na Huawei. In ka taɓa buɗe hinjin ɗaya zaka ga gomman ƙananan giyoyi da hannaye da suke shiga juna, wani bai kai rabin farce ba amma yana da haƙora da rami da lanƙwasa, kuma ana so ya jure buɗewa da rufewa sau dubbai. Shawarata in ƙurar hunturu ta shiga irin wannan hinjin ya fara ƙara, kar ka ɗauki magagari ka ce zaka rage haƙori, awon wurin ya fi ƙarfin hannu, ka tsabtace ko ka sauya gaba ɗaya.

A mota da moto fa?

A mota akwai shi a ƙananan fukafukan da ke cikin turbo na injin dizal waɗanda suke juyawa su daidaita shigar hayaƙi, wurin zafi ne sosai ana buƙatar ƙarfe mai jure wuta wanda sassaƙa shi a inji azaba ne. Akwai shi a sassan injekta, da cikin makullin sitiyari da na ƙofa, da gidajen sensa, BMW ma sun yi amfani da shi wajen hannayen da ke sarrafa bawul a tsarinsu na Valvetronic. A moton klando ɗin da muke hawa kam kaɗan ne, yawancin kayansa ko dai an buga su da zafi ne ko zubin alminiyom ko an yanke daga faranti, don sun fi araha. Bayan mota akwai dril da injin ɗinki da kwaɗuna masu tsada da maɗaurin agogo da hinjin tabarau, a Amurka masu ƙera bindiga ma manyan masu saye ne, jiragen sama kuma sun fara karɓarsa a wasu sassan inji bayan gwaji mai tsawo.

'Yata aka sa wa ƙarfen gyaran haƙori, an ce da gari ake yinsa, ba zai cutar da ita ba?

Hajiya ki kwantar da hankalinki. Ƙananan ƙarafan nan da ake mannawa a kan kowane haƙori waya ta ratsa ta cikinsu suna cikin abubuwan farko da aka fara yi da MIM tun shekarun 1980, kuma har yau yawancinsu haka ake yi. Ki duba ɗaya da kyau in an cire, faɗinsa milimita 3 ko 4 ne amma yana da tsaga a tsakiya inda waya ke kwanciya da fukafukai huɗu da ake ɗaura roba, kuma kowane haƙori da irin kusurwar tasa. Bayan gashi babu sauran gari babu sauran kaki, inoks ne zalla. Abin lura ɗaya shi ne inoks yana da nikel a ciki, to in yarinyar tana cikin masu samun ƙaiƙayi ko ƙuraje in sun sa ɗan kunne ko agogon ƙarfe sai ki gaya wa likitan, akwai na taitaniyom da na tangaran fari. Haka a ɗakin tiyata, bakin hantsaki da almakashin da ake zurawa ta ƙaramin rami a ciki da yawansu ta wannan hanya suke fitowa.

Mene bambancinsa da zubin tukwanen alminiyom da ake yi a unguwa, ko na tagulla na Fumban?

Masu zubin tukunya suna narkar da alminiyom ne gaba ɗaya, shi kuwa a digiri 660 yake narkewa gawayi da zugazugi sun isa, su zuba a mazubin yashi, in ya huce a fasa yashin. Na Fumban kuma suna sassaƙa siffar da kakin zuma su lulluɓe da yumɓu su narkar da kakin ya fita sannan su zuba tagulla a gurbinsa, aiki ne mai kyau ƙwarai kuma masana'antu ma suna da irinsa na zamani, amma kowane zubi ɗaya sai an fasa mazubi ɗaya. A MIM mul ɗin ƙarfe ne yana nan yana bugawa dubbai ɗaruruwa, kuma narkakken ƙarfe baya taɓa shi sam, abin da ke shigarsa bai wuce digiri 200 ba. Da za a ce a zuba narkakken baƙin ƙarfe mai digiri 1,500 a irin wannan mul ɗin ai ba zai kwana ba.

To bushin fanka da ke shan mai, shi ma MIM ne?

A'a, ɗan uwansa ne dai. Shi garinsa ya fi kauri kuma a bushe ake danna shi a matsi daga sama da ƙasa sannan a gasa, ana barin ramuka da gangan don su sha mai, shi ya sa in ka ɗumama bushin zaka ga yana gumin mai. Rotan famfon mai na inji da wasu giyoyi ma haka ake yinsu. Ya fi araha nesa ba kusa ba amma siffar dole ta zama wadda zata zare a miƙe daga mazubi, ba rami ta gefe ba lanƙwasa ta ƙasa.

Me zai hana a sassaƙa a tur ko CNC, wato injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, kawai a huta?

In guda goma kake so ko ɗari, hakan ma ya kamata ka yi, kar wani ya ruɗe ka. Lissafi ne kawai. Mu ɗauka a matsayin misali mul ya ci sefa miliyan 10, in piyes 100 zaka buga kowanne ya ɗauki sefa 100,000 na kuɗin mul tun kafin a sa kuɗin gari da wuta, in kuwa 200,000 zaka buga kowanne sefa 50 ne kacal. Shi tur ba ruwansa da wannan, na farko da na dubu duk lokaci ɗaya suke ci, kuma rabin sandar ƙarfen a ƙasa take ƙarewa. Shi ya sa galibin masana'antu sai buƙata ta kai dubu 10 zuwa 20 a shekara suke ganin abin ya fara biya.

Girma ma yana da iyaka. Yawancin piyes ɗin MIM basu kai giram 100 ba, da yawa ma ƙasa da giram 20 ne, don garin ya ninka sandar ƙarfe tsada sau da yawa, kuma in bango ya yi kauri ya doshi santimita ɗaya kakin da ke can tsakiya baya samun hanyar fita da wuri, sai ya kumbura ya tsage. Mai zane na ƙwarai rage nama yake yi duk inda zai yiwu ya bar bangon kusan kauri ɗaya ko'ina, a nan rami riba ne don gari ya ragu, a tur kuwa kowane rami ƙarin kuɗi ne.

Gaskiya yana da ƙarfi kuwa? Abin da aka yi da gari ai sai in ga kamar zai ruguje

In an yi shi da kyau yana kusa da ƙarfen da aka narkar aka murza, ana iya ba shi tauri da wuta, a goge shi ya yi ƙyalli, a shafa masa nikel ko kurom, a yi masa zaren sukuru, har walda yana karɓa sai dai ƙanana ne ƙwarai waldar lantarki tamu zata cinye su, da leza ake yi. Irin da aka fi amfani da su su ne inoks 316L mai jure tsatsa da gumi da ruwan gishiri, da 17-4PH wanda ya fi shi tauri, da baƙin ƙarfe mai ɗan nikel, sai taitaniyom da tangistin da jan ƙarfe. Rauninsa yana wurin ɗan ramukan da suka rage, kashi 1 zuwa 4 ɗin nan, a wurin da ake lanƙwasa abu ana sakewa sau miliyoyi tsaga takan fara daga nan, don haka kayan jirgi da na dasawa a jikin mutum ana ƙara musu wani mataki na matse su da gas mai zafi da matsi har ramukan su rufe.

In kuma ka ga ya karye da wuri to matsalar daga mai yin ne, ko iska ta maƙale a ciki wajen bugu, ko an yi gaggawar cire kaki, ko ragowar robar ta bar kabon da yawa a cikin inoks ya koma yana tsatsa. Akwai ƙa'idoji rubutattu na wannan, MPIF Standard 35 da ISO 22068, kowane irin ƙarfe an faɗi ƙarfin da dole ya kai.

Yaya zan gane shi a hannu, kuma yaya zan raba shi da zamak?

Ka samu gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya. Zaka ga siririn layi ya zagaye piyes ɗin inda rabi biyu na mul suka haɗu, da ɗan tabo inda haɗin ya shiga aka karye, da ƙananan da'irori a gefen da ba a gani inda sandunan turowa suka danna, jikin kuma sumul amma ba mai ƙyalli ba, babu layukan zagaye irin na bakin tur. Matsalar ita ce zamak, wato zubin zinki da ake yin kan zif da hannun ƙofa da jikin kabureta mai araha, shi ma yana da waɗannan alamun duka. To ga yadda zaka raba su, zamak magagari yana cinsa cikin sauƙi, baya kama mayen ƙarfe, kuma ƙasa da digiri 400 yake narkewa, in ka sa masa wutar gas zai zube. Na MIM magagari yana zamewa ko ya ci da ƙyar kuma wutar nan ja kawai zata sa ya yi. Mayen ƙarfe shi kaɗai ba hujja ba ne fa, 17-4PH yana kamawa 316L kuma kusan baya kamawa alhali duka biyun inoks ne.

Alminiyom da muke da shi a ƙasar nan ba za a yi da shi ba?

Da wuya. Kowace ƙwayar garin alminiyom tana da wata fata ta oksid da bata barin ta manne da 'yar uwarta a gashi, sannan tunda yana narkewa da wuri zuba shi kai tsaye a mul da matsi ya fi sauƙi da araha. Alminiyom ɗin Alucam na Edeya hanyarsa daban ce.

Za a iya kafa irin wannan masana'anta a Garwa ko Njamena?

A yanzu dai ban ga hanya ba, kuma gara in faɗa a fili da in sa wani ya zuba dukiyarsa. Na farko wuta, tanderun gashi yana shafe kusan yini yana hawa yana sauka a tsare, in wuta ta ɗauke a tsakiya duk abin da ke ciki ya tashi aiki, mu kuwa arewa dam ɗin Lagdo mai megawat 72 ne ginshiƙinmu tun 1982, sai tashoshin sola na Marwa da Gidar da suka zo suka tallafa, in ruwa ya ja baya kowa ya san yadda ake ciki. Na biyu gas mai tsabta da garin da haɗin duk sai an shigo da su ta Duwala a hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere a ƙarasa a mota. Na uku wanda ya fi duka nauyi, wa zai saya? Sai da masana'antar waya ko ta mota ko ta kayan asibiti a kusa wadda zata ce kawo min dubu 50 duk wata. Injinan gurzar auduga na Sodecoton ko na siminti a Figil in piyes ya lalace guda biyu ko biyar suke nema kuma manya ne, wannan abincin masu tur ne da masu walda, kuma a nan ya kamata mu ƙware.

Dan Allah kuma kar wani ya ce zai gwada a bayan gida da murhu. Haidirojin yana fashewa, garin nikel yana illa ga huhu, garin taitaniyom yana kamawa da wuta, asid ɗin nan kuma ba na wasa ba ne.

Ina da wani ƙaramin ƙarfe da nake sayarwa da yawa, in na so a buga min a Chaina ko Indiya me zan tanada?

Alhaji ka fara da zane na kwamfuta mai cikakken awo, hoto a WhatsApp ba zai wadatar ba, ka nuna wuraren da awonsu ba sassauci da waɗanda ba komai, don in ka ce ko'ina tsanani kuɗin zai ninka a banza. Ka rubuta sunan ƙarfen da lambarsa, kar ka tsaya a cewa inoks kawai. Ka faɗi adadin shekara da gaskiya. A rubuta a takarda mul ɗin na waye bayan ka biya, kuma bugu nawa aka yi alkawari zai jure. Kafin babban bugu su aiko samfuri tare da takardar awo da ta cikar ƙarfe da ta tauri, ka auna da kanka ka saka shi a inda zai yi aiki ka wahalar da shi, ka ma yanka ɗaya biyu ka duba cikinsa ko da rami. Ka sa a ranka yin mul da gwaji yana cin makonni da yawa, kuma in aka gama mul ka ce a sauya siffa wani kuɗin ne sabo. In kuwa adadin naka bai kai dubu goma ba ka tambaye su farashin zubin kaki na zamani ko CNC ka kwatanta.

Ni ɗalibi ne, ta ina zan shiga wannan fanni?

Ta ƙofar roba da awo, ƙanena. Wanda ya iya zana mul na roba ya san inda haɗi zai shiga da inda iska zata fita ya riga ya ci rabin hanya, kuma wannan ilimin yana da kasuwa yau ɗin nan a Duwala da Kano ba sai an jira MIM ba. Ka dage da zanen kwamfuta, ka iya riƙe piye a kulis da mikromita har hannunka ya saba, ka karanta darasin ƙarafa da yadda zafi ke sauya su. ENSAI da IUT a Ngaundere, Politeknik ta Marwa, da INSTA ta Abeshe ga 'yan Cadi duk wurare ne da za a samu tushen aikin injiniya. Akwai kuma wata sabuwar ƙofa da bata buƙatar mul, zaren firintar 3D da aka cika da garin inoks, ka buga siffar a firinta sannan a aika wa masu tanderu su cire roba su gasa, raguwar da lissafinta duk irin na MIM ne, don haka in makarantarku tana da firintar ka nemi malaminku ku gwada ko da piyes ɗaya ne, ku auna shi kafin gashi ku sake aunawa bayan ya dawo ku fitar da kason da kanku.